Ƙwaron da Tanoma Ba Ta Sallama Ba

Dalilin da ya sa ƙwaron nan mai dogon ƙaho ba ya taɓa 'ya'yan mangwaro, sai dai ya bi jikin bishiya ya huda, ya yi ta zubo gari kamar wanda aka sa aiki, shi zan gaya muku yau tunda kun dame ni. Ke Hansatu, yar da tsinken nan, ba haka ake fito da shi ba. Ku matso inuwa. Ni ba zama zan yi ba, bishiya goma sha ɗaya ke jirana kafin rana ta take, wanda bai ji ba kuwa ba zan maimaita masa ba.

Kun ga garin nan ja-ja a gindin bishiyar? Jiya da hannuna na share wurin nan tas. Yau ga shi. Tsuntsu ya ci ya tashi, jemage ya ci ya tashi, biri ya ci ya gudu, ku ma nan kuna ci ku goge baki ku ce ba ku ba ne. Duk waɗannan na san abin da ke kawo su, kwaɗayi ne. Shi wannan ko ɗa ɗaya ba ya lasa. Aiki yake yi. Aikin da ba a sallame shi ba.

Da can ba haka yake ba. Girmansa ya kai na ɗan maraƙi, baƙi ƙirin, bayansa na sheƙi, kuma duk ƙasar nan ba masassaƙi kamarsa. Malam Ƙwaro ake ce masa. Ƙafa biyu yake tsayawa da su, hannu huɗu yake aiki da su: ɗaya gatari, ɗaya gizago, biyu suna juya gungume. Turmin da mutum zai yi mako yana fama, shi kwana uku ya gama. Yana da kara biyu dogaye da yake sokewa a hularsa, ɗaya na awon zurfi, ɗaya na awon faɗi. Bai taɓa ɓata itacen kowa ba, kuma ya san da haka, shi ya sa ko tafiyarsa daban take.

Masassaƙan zamanin suna da al'adarsu. Ba sa sa ƙarfe a ɗanyen itace, sai wanda iska ta kayar ya bushe. Kuma ba a ciniki da su. In mai lambu ne ya kira masassaƙi, sai ya yi ta ciyar da shi har ya gama. Ran da aka gama, mai lambun zai zuba gero a sabon turmi ya daka a gabansa, ya ce, “Ya yi, na sallame ka.” Nan take masassaƙi zai zare karan awonsa ya nuna bishiya ɗaya a lambun, duk wadda ransa ya so, 'ya'yanta na wannan shekarar sun zama nasa. Ba musu. Amma kafin a furta kalmar nan, ba shi da ikon ajiye gizago, ba shi da ikon fita daga lambun, ko da gidansu ne ke cin wuta.

Ni da ina zamanin da ban yarda da wannan ba. Aiki ba ciniki? Mutum ya shigo gonarki ya nuna abin da ya ga dama? To, ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Akwai wata mata, Tanoma.

Tanoma mijinta ya rasu ya bar mata lambu a bakin fadama, mangwaro da gwaiba da lemo. Dangin miji sun zaci za ta sayar ta koma gidansu. Ba ta sayar ba. Ta ɗaure ɗamara ta riƙe shi ita kaɗai, har ya fi yadda yake a hannun marigayi. Masu sarin mangwaro in sun hango ta tafe sai su gyara hula su fara haɗa baki, don sun san yau sai gumi. Ba ta cuta, amma ba a cutar ta. Mace ce.

A tsakiyar lambun akwai bishiya ɗaya da ake kira Mai-zuma. Marigayi Barau, mijinta, shi ya zo da ƙwallonta a aljihu daga wata tafiya kudu, ya dasa shekarar da suka yi aure, ya yi rani uku yana ɗebo mata ruwa da tulu. 'Ya'yanta ba zare ko ɗaya, in ka yanka kamar man shanu, ƙamshin kuwa tun daga hanya. Babu irinta ko'ina. Tanoma ba ta taɓa sayar wa 'yan sari ita ba. Da kanta take kaiwa kasuwa, kuma duk shekara ɗan fari da ya nuna, a gindin bishiyar take zama ta sha shi ita kaɗai, ba ta magana da kowa.

Wata bazara turminta ya tsage gida biyu. Ga shi da damina iska ta kayar mata da wani tsohon mangwaro, ya bushe ƙamas. Sai ta aika aka kira Malam Ƙwaro.

Ya zo, ya zagaya gungumen, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

“Inna, itacen nan yana da kyau. Kwana uku.”

“Uku? To me za ka ci?”

“Abin da kika ci.”

“Ni ba na cin nama kullum, in gaya maka tun yanzu.”

“Ni ma ban zo da haƙoran nama ba, Inna.”

Ya yanke abin da zai ishe shi, ya kama aiki. Sauran itacen kuwa Tanoma ba ta bari ya kwana ba, ta sa aka faskare shi aka kai gida, don ba ta iya ganin itacen wuta a yashe. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ranar farko da azahar ta kawo masa fura. Ya zauna yana sha. Tana lura da shi. Duk inuwar da ke lambun bai zaɓi ko ɗaya ba sai ta Mai-zuma. Yana kurɓa yana ɗaga kai. Lokacin 'ya'yan sun ƙosa, sun yi nauyi har rassa na sunkuyawa, amma ba su nuna ba. Ta ga karan nan biyu na hularsa suna karkata sama. 

Ta ja kujera ta zauna.

“Malam, mu yi magana irin ta manya. Ka ga gwaibar can ta bakin rijiya? Ba ta taɓa fashi ba. In ka gama, ita zan ba ka.”

“Ba bayarwa ake yi ba, Inna. Nunawa ake yi.”

“To gwaibar da lemon da ke kusa da ita. Biyu.”

“Ɗaya al'ada ta ce.”

“Uku. Har da mangwaron can na gefen shinge. Kai, wa ya taɓa ba ka uku?”

Ya yi dariya, ya goge baki. “Inna, ai ban nuna komai ba tukuna. Me ya tayar miki da hankali?”

“Idonka ya nuna.”

“Ido ba kara ba ne. Ki bari in gama.”

Ta tashi ba ta ɗauki ƙwaryar ba. Ta yi gabas ta dawo, ta yi yamma ta dawo, ta tsinke busasshen ganye, ta kori akuyar da ba ta yi mata komai ba. Tunda take ba ta taɓa tayawa an ƙi ko saurarenta ba. Daga ƙarshe ta leƙa ta kan shinge wurin maƙwabcinta Baba Jatau, wani tsoho mai lambun albasa, yana ban ruwa.

“Baba, dubi Mai-zuma. Kwana nawa ya rage a tsinka?”

Ya kare rana da hannu ya duba. “Goma, ko sha biyu.”

“Masassaƙi yana iya nuna bishiya kafin a sallame shi?”

“Ina fa. Sai an daka, an furta.”

“To in ba a furta ba fa?”

Baba Jatau ya ajiye guga. Ya daɗe yana kallonta. “Tanoma, abin da kike aunawa a ranki, ki bar shi. Shekara ɗaya ce. Baɗi bishiyar tana nan.”

“Baba, ruwanka na zuba a banza,” in ji ta, ta juya.

Rana ta uku turmi ya fito. Ku ji ni, yara, ba a taɓa sassaƙa irinsa ba. Ƙugunsa siriri, gindinsa zaune daram, cikinsa sumul kamar an shafa mai. Matan da suka zo ɗiban ruwa suka ajiye tuluna suka kewaye shi, wata har da guɗa. Malam Ƙwaro ya tsaya gefe, hannu biyu a ƙugu, biyu a ƙirji, yana jira.

Tanoma ta zura hannu ciki har gwiwar hannu. Ta shafa. A ranta ta san ya yi, ya ma wuce yi. Ta zaro hannun ta karkaɗe.

“Bai yi zurfi ba.”

 Malam Ƙwaro ya zare karan zurfi ya tsoma, ya nuna mata. “Inna, ga awo. Daidai yake da na uwargidan hakimi.”

“Kara ba ya daka, Malam. Ni ke daka. Gero zai riƙa tsalle yana fita. Ƙara.”

 Ya mayar da kara, ya ɗauki gizago.

Washegari ta ce bakin ya yi kauri. Ya rage. Washegari ta ce ta ji wani tudu a ciki da yatsa. Ya nema bai samu ba, amma ya kankare. Washegari ta koma kan zurfi. Kullum sai ta zo da geronta a ƙwarya, ta ajiye inda zai gani, ta shafa turmi, ta ɗauki geronta ta koma.

Ga zafi. Irin zafin nan na bazara da ko kaza sai ta buɗe baki. Gabas kuma hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa. Malam Ƙwaro ya daina zama shan fura, a tsaye yake kurɓa, gizago a hannu. Ya sara, ya auna, ya dubi gabas, ya sake aunawa. Karan da a da sau biyu yake zare shi a aiki ɗaya, yanzu ba ya minti bai zare shi ba.

Rana ta bakwai ya tare ta.

“Inna, gonata ko shara ban yi ba. Ruwa na tafe. Iyalina ba su da mai yi musu shuka sai ni.”

“To ka gama mana ka tafi. Ni na riƙe ka?”

“Ki gaya min tsakani da Allah, ina ne bai yi ba?”

“Kai ne masassaƙi. In kai ba ka gani ba, ni zan koya maka?”

Wannan maganar ita ta shige shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Mutumin da bai taɓa shakkar hannunsa ba, sai ga shi yana tsoma kai cikin turmi yana neman laifin da babu.

Baba Jatau ya kira ta ta kan shinge. “Na zagaya na duba da ba kya nan. Gindin turmin nan saura kaurin yatsa uku.”

“Ni kuma saura kwana huɗu.”

“Ba tsoron Allah?”

“Ina ciyar da shi, Baba. Na karya al'ada? Nuna min inda na karya.”

Ba ta karya ba kuwa. Nan wayonta yake. Ni har nan ban ce ta kyauta ba, amma na gane ta. Wadda ba ta taɓa shan ɗan fari ita kaɗai a gindin bishiyar mijinta ba, kada ta yi saurin buɗe baki.

Rana ta goma sha ɗaya ta kama ranar kasuwa. Mai-zuma ta nuna. Tun da sassafe Tanoma ta zo da ƙugiya da kwanduna da jaki. A gaban idon Malam Ƙwaro ta yi ta tsinka. Ta tsinke na ƙasa, ta tsinke na sama, ta zagaya, ta sake zagayawa tana leƙa cikin ganye kada ɗaya ya ɓuya ya zama nasa. Har waɗanda ba su gama nuna ba ta sauke. Garin sauri, a shekarar nan ko ɗan fari ba ta zauna ta sha ba, ta jefa shi kwando tare da sauran.

Malam Ƙwaro yana kallo. Yanzu ya gane, ko dai ya kusa ganewa. Amma kwana takwas ana ce maka bai yi ba, sai abin ya zauna maka a kai.

“Inna,” in ji shi, “ga gero can. Daka ɗaya ne.”

A ranta ta riga ta yanke cewa da ta dawo za ta sallame shi, ya nuna Mai-zuma in ya so, ya kwashi ganye. Da ta daka a lokacin, ba abin da za ta rasa, tunda kaya na kan jaki. Amma rana na yi, kasuwa na ci, kuma bakinta ya saba.

“Ƙara ɗan zurfi kaɗan. In na dawo.”

Ta kaɗa jaki ta tafi.

Ya ɗaga gizago ya sara. Ya sake sarawa. A sara na uku sai ya ji hannunsa ya wuce. Ya leƙa. Ya ga ƙasa. Ya ga tururuwa na wucewa ta ƙarƙashin turmi.

Tun da ya fara sassaƙa bai taɓa fasa gindin turmi ba. Ya juya shi, ya ɗaga shi sama, rana ta haska masa fuska ta cikin hujin. Ya ajiye. Ya ɗauka. Ya ajiye. A wurin masassaƙa wanda ya fasa, dole ya sake wani, in ba haka ba sunansa ya mutu. Ya ruga inda sauran gungumen yake, ba komai sai ɓawo, an faskare tun ranar farko. Fita neman itace kuwa ba dama, ba a sallame shi ba.

Sai ya shiga bin lambun bishiya bishiya yana ƙwanƙwasawa da kara, yana kara kunne. Gwaiba ɗanya. Lemo ɗanye. Wannan ɗanye, wancan ɗanye. Ya je ƙarshen shinge ya dawo, ya sake komawa. Da ya zo kan Mai-zuma sai ya ji wani wuri ya amsa da ƙarar busasshe. Wurin da marigayi Barau ya taɓa sare wani babban reshe ne, daidai ƙirjin mutum, ya bushe, faɗinsa kamar faifai.

“Busasshe ne,” in ji Malam Ƙwaro, shi kaɗai. “Ban karya ba. Busasshe ne.”

Ya sa gizago.

Busasshen bai fi taƙi ɗaya ba. Bayansa ɗanyen itace ne, mai ruwa, mai rai. Amma lokacin da ya isa can ba ya kallon launi. Awo kawai yake yi, yana cewa bai yi zurfi ba.

Da la'asar Tanoma ta dawo, kwanduna wayam, fuska a sake, har da ƙosai ta riƙo masa. Tana shiga ta ga turmi a kwance, kaza na leƙa ta cikin hujin. Kafin ta buɗe baki ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta bi ƙarar. A gindin Mai-zuma gari ya taru ja-ja, jiƙaƙƙe, ruwan bishiyar na gangarowa a jikinta. Rami ya haɗiye Malam Ƙwaro, ƙafafunsa kawai ake gani.

Ta kurma ihu. Baba Jatau ya tsallako shinge, matan rijiya suka sheƙo.

“Fito! Fito, mugu! Ɗanyen itace kake sara!”

Daga ciki ya amsa, bai tsaya ba. “Turminki nake yi, Inna.”

Baba Jatau ya ce, “Tanoma, ki sallame shi yanzu. Yanzu yanzu. Raunin bai kai zuciyarta ba, za ta warke.”

Ta dubi matan. Duk sun zuba mata ido, waɗanda suka ji ta ce bai yi ba ran da ya yi. Ta gyara ɗaurin zane.

“Malam, ka ɓata min turmi, ka huda min bishiya. To ji. Ka fito, zan sallame ka, amma nuni ya faɗi. Ba ka nuna komai. Mun yi daidai.”

“Sallama ba a haɗa ta da sharaɗi, Inna.”

“To gwaibar. Gwaibar kaɗai, don Baba ya sa baki.”

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

“Ciniki kike yi?” in ji Baba Jatau. “A nan? Yanzu?”

“Yunwa za ta fito da shi,” in ji ta. “Daga yau ba fura ba tuwo. Mu gani.”

Ta tafi gida da ƙosanta.

Yunwa ba ta fito da shi ba. Da ta matsa masa sai ya fara cin garin itacen da yake sassaƙa. Ramin ya yi ta ƙunci, hannu ba ya samun wurin lilo, sai ya cire ƙarfen gizago daga ƙota ya kama da baki yana kankara. Jikinsa ya yi ta ramewa yana tsukewa don ya samu wucewa.

Kwana biyu Tanoma na zuwa ta tsaya daga nesa, ta ji ƙarar, ta koma, ta dawo. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta sa ruwa ba. A rana ta uku ruwan farko ya sauka da hantsi, mai yawa. Mutanen gari suka watse gona, kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Malam Ƙwaro ya ji ruwan na dukan bishiya daga ciki. Ƙarar gizagon ta ƙara sauri.

Da ruwan ya ɗauke ta ɗaga kai. Duk bishiyoyin lambun sun wanku sun yi shar. Ganyen ƙolin Mai-zuma kuwa ya langaɓe.

Nan ne ta karaya. Ta ruga ta mirgino fasasshen turmin har gindin bishiyar, ta cusa tsumma a hujin, ta liƙe da laka, ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya. Ta daka da ƙarfi don ya ji.

“Malam! Malam Ƙwaro! Leƙo ka gani, ina daka!”

Ƙarar ta tsaya. Can sai ga shi ya leƙo bakin ramin. Da ƙyar ta gane shi. Ya koma kamar ɓera. Ƙarfen gizago ya manne masa a baki. Hular ta ɓace, amma karan nan biyu danƙon bishiya ya liƙe su a kansa, suna ta motsi, suna taɓa nan suna taɓa can.

“Ya yi,” in ji Tanoma. “Ya yi, na sallame ka. Nuna duk wadda kake so. Mai-zuma ma, na baɗi naka ne, da na shekarar da ke biye. Ba sharaɗi. Ka fito kawai.”

Ya dubi turmin. Taɓarya ta riga ta ture tsumman, gero na tsiyaya ta ƙasa, kaji sun fara taruwa.

“Inna,” in ji shi, “ran da ya yi, kin ce bai yi ba. Yau gero na zuba ta gindi, kin ce ya yi. Wanne zan ɗauka?”

“Na yau! Na farkon ƙarya na yi. Don 'ya'yan bishiyar nan na yi, kowa ya sani. Baba, gaya masa!”

“Gaskiya ne, Malam,” in ji Baba Jatau. “Turminka ba shi da aibi tun rana ta uku.”

Malam Ƙwaro ya dube ta. Karan suka karkata wajen Tanoma kamar ita suke aunawa.

“Wancan karon don 'ya'yan kika faɗa. Wannan karon don bishiyar kike faɗa. Ba ki taɓa faɗa don turmin ba.” Ya juya ya taɓa bangon ramin da kara ɗaya, ya taɓa da ɗayan. “Bai yi zurfi ba,” in ji shi. Ya koma ciki.

Matar da ba ta taɓa durƙusa wa ɗan sari ko dangin miji ba, ranar ta durƙusa a cikin laka, bakinta a jikin ramin, tana ta cewa ya yi, ya yi, har muryarta ta tafi. Amsar da ta samu gari ne, yana zubo mata a zane.

Kafin kaka Mai-zuma ta bushe daga sama har ƙasa. Wata iska ƙarama, wadda ba ta isa ɗage rufin rumbu ba, ta karya ta a ƙugu. Cikinta duk hanyoyi ne, sun hau, sun sauka, sun karkace, ba ɗaya da ya yi kama da turmi. Malam Ƙwaro ya fito ta ɗaya gefen, ya koma kamar babban yatsa. Ya auna karyayyen gungumen, ya ga ya ɓaci. Ya buɗe fukafukai ya sauka a bishiya ta gaba.

Tanoma ta ce ba komai, za ta dasa wata. A nan ta tuna. Ƙwallo. Duk shekara ƙwallon ɗan fari yana nan a gindin bishiya, ba ta taɓa damuwa da shi ba tunda uwar na tsaye, awaki ke wasa da shi. Bana kuwa ko ɗaya ba ta bari ba, duk ta kai kasuwa, baƙi sun saya sun tafi da su garuruwansu. Ta bi bola-bola na kasuwa tana tsintar ƙwallaye, ita Tanoma, mutane na kallo. Ta dasa, ta yi rani uku tana ɗebo ruwa da tulu. Da suka yi 'ya'ya, duk masu zare ne.

Shi ya sa har wa yau ƙwaron nan da 'ya'yansa da jikokinsa ba su san hutu ba. Ba ruwansu da 'ya'yan itace, don ba a sallame su ba balle su nuna. Suna bin inda aka sare reshe ko inda bishiya ta ji rauni, nan suke farawa, kamar yadda kakansu ya fara. Garin da suke turowa waje shaida ce, wai a ga suna aiki. Dogayen ƙahonnin nan da ba sa tsayawa, karan awo ne. In kuka kama shi kuka ji yana ƙiƙi-ƙiƙi, ba kuka yake ba, gizagon ne a bakinsa, yana so ku sake shi ya koma.

Ni dai kun san ni. Duk wanda zai yi min aiki a lambun nan, sai mun yi ciniki tun a bakin ƙofa har ya yi gumi, kuma ba na jin kunya. Amma ran da ya gama, in ya yi, a take nake cewa ya yi, ko da raina na ƙuna.

Hansatu, miƙo min wayar ƙarfen can da kwanon laka. A hankali ake zurawa, a bi ramin har a taɓo shi, sannan a toshe. Ku daina dariya, na san kun sha ji na ina magana da rami. E, ina faɗa masa. Duk ramin da zan toshe sai na sunkuya na ce, “Ya yi, Malam, na sallame ka.” Shekara talatin ina faɗa, ko ɗaya bai yarda ba tukuna. Ba zan daina ba. Kalmar ba ta ci min komai, bishiyar kuwa kakanku ne ya dasa ta.